Rabin Murmushin Baba

Sau uku muka gwada a gida, sau uku wayar ta ce fuskar Baba ba tasa ba ce.

Abin da take nema ba shi da yawa: a kalli kyamara, a juya hagu, a juya dama, a yi murmushi. Amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye wata biyar da suka wuce, murmushin Baba rabi ne. Gefen dama ya tashi, na hagu ya yi zamansa. Yayana, wanda ke aiki a wani gari, ya ba ni shawara ta waya in ɗaga masa kuncin da yatsa. Na ɗaga. Wayar ta ce ta ga hannu a fuska, ta rufe mu gaba ɗaya, ta ce mu je ofis. Baba ya yi dariya har da hawaye. Ni kam ko ƙarfin dariyar ba ni da shi.

Shagon Baba na gyaran fanka ne, yana cikin jerin shaguna talatin da suka haɗa hannu suka sa sola a kan rufi. Kason kowane shago ba takarda ba ne, tokin ne, a rubuce cikin wani kundi na intanet da suke kira bulokcen. Wanda tokin ke hannunsa shi ake bai wa wuta. Duk wata shida sai mai shi ya nuna fuskarsa, in ba haka ba a yanke layin a miƙa wa mai jira. Saura kwana huɗu wa'adin Baba ya cika. Tun da ya kwanta ni ce a shagon, shi ya sa aka ce a mayar da tokin hannuna a huta. Shagon fanka babu wuta ai suna ne kawai.

Ofishin yana hawa na uku, lif kuma ya lalace. Mai gadi da wani bawan Allah suka ɗauki Baba da keken guragun da yake kai, suna hutawa a kowace kwana. Aka ba mu lamba arba'in da ɗaya. Muka zauna a benci tun safe har rana ta take. Akwai fanka a jikin bango tana juyawa tana ƙas-ƙas, Baba ya yi ta nuna mini ita da haɓa. Na ce na ji, boris ɗin cikinta ne ya cinye. Ya gyaɗa kai.

Matar da ke tantance irin wannan ciniki, 'yan layi suna kiranta Madam Sai Gobe. Da muka shiga na ga ta cire takalma a ƙarƙashin tebur, shayinta ya huce har ya yi fata. Ba ta yi kama da mai mugunta ba, ta yi kama da wadda ta faɗi magana ɗaya sau arba'in yau. Ta faɗa mana karo na arba'in da ɗaya: abin da ya shiga kundin nan ba ya goguwa, ko ita ba ta iya goge shi. Makullin sauya mai tokin biyu ne, ɗaya a wayar Baba, ɗaya a hannunta, kuma ba za ta murɗa nata ba sai ta cika abin da hukuma ta ce a cika. Ta duba katin Baba, ta duba nawa, ta karanta takardar likita har ƙasa.

Sai ta fara yi wa Baba tambayoyi. Harshensa ya yi nauyi, don haka na riƙa amsawa kamar yadda na saba a asibiti. A tambaya ta uku ta ajiye biro.

"Ƙanwata, ke ce mai tokin?"

Na ce a'a.

"To ɗan ba mu wuri. Doka ta ce in tambaye shi shi kaɗai, ko an matsa masa."

Kunya ta rufe ni kamar an kama ni da hannu a aljihunsa. Na fita na tsaya a bakin ƙofa. Ta gilashi ina ganin Baba yana ƙoƙarin magana, bakinsa na karkacewa, matar na matso da kunne. Can ta tura masa takarda. Ya yi ta rubutu da hannunsa mai lafiya, a hankali, kamar mai naɗa waya a jikin koyil ɗin fanka. Ƙafafuna suka yi tsami. Na riga na fara tunanin kuɗin tasin gobe da wanda zai sake ɗaukar keken.

Da ta kira ni, ta ce ta gamsu da Baba, an ɗauki bidiyonsa, ba sai ya yi wa kowa murmushi ba. Amma ya rubuta wani abu da ba ta tambaye shi ba. Ta juyo mini takardar. Rubutun ya karkace, amma na karanta: Ita ma a tambaye ta.

Madam ta murza ido. Ta ce akwai gurbin amincewar mai karɓa a fom ɗin, yawanci dai ba ta daɗewa a kansa, don ba ta taɓa ganin wanda ya ƙi abin da aka ba shi ba. Ta ce in na karɓa, sunana ne zai zauna a kundi, ni ce zan riƙa nuna fuska duk wata shida, duk abin da ya taso ni za a nema.

Na sake kallon rubutun Baba. Wata biyar ina buɗe shago, ba wanda ya ce ko ina so. Yaya ya ce ai ni ce a kusa, Mama ta ce Allah ya yi mini albarka, maganar ta ƙare a nan. Na kalli yatsuna, duk wayar jan ƙarfe ta yayyanka su. Na tuna ƙawata da ta ce akwai gurbi a kantin da take aiki, a zaune, ba baƙin mai. Baba bai kalle ni ba, ya sa ido a ƙasa don kada in ga abin da yake so. Daga waje fankar nan tana ta ƙas-ƙas, kuma na san da zan samu sukundireba da minti ashirin, da ta yi shiru.

Na ce na karɓa. Madam ta nuna na'urar da ke ɗaukar maganarmu.

"Na'urar ba ta ji ba. Ɗaga murya, ƙanwata, ni ma ina so in tashi."

"Na karɓa. Ni nake so."

Ta sa na kalli kyamara, hagu, dama. Da aka zo murmushi, nawa ma da ƙyar ya fito, amma wayar ta yarda da shi. Baba ya danna babban yatsa a wayarsa, Madam ta danna nata makullin. Muka zuba wa allon ido yana ta juyawa, har ya yi kore.

Tana laluben takalmanta da ƙafa ta ce, tunda mu masu gyara ne, nawa za a duba mata fankar can. Na juya wajen Baba, ina jira ya faɗi kuɗin. Ya nuna ni da haɓa.

Na ce ta aiko da ita shago gobe, in gani tukuna. Sannan na fita neman mai gadi, don har yanzu akwai hawa uku a gabanmu.