Tanti Mai Ƙofa Biyu

Tun ranar da lif ya tsaya da Ruba tsakanin hawa na uku da na huɗu, ba a sake rufe ƙofa a gidan Mastura ba. Ta ɗakin yara a buɗe take wuni, a buɗe take kwana, ta banɗaki ma sai an tokare ta da takalmi. Shekarar yarinyar biyar a lokacin. Minti arba'in ta yi ita kaɗai a cikin duhu kafin mai gyara ya iso ginin nasu na unguwar Safa, Mastura na tsaye a waje da ƙaramin ɗanta Mazen a kafaɗa, tana jin ihun 'yarta ta bayan ƙarfe. Ita ce ta saki hannun Ruba don ta ɗauki ledar cefane da ta faɗi, kafin ta ɗago ƙofa ta rufe. Ba wanda ya taɓa ce mata laifinta ne, amma ita ta riga ta yanke wa kanta hukunci.

Wata takwas ke nan suna bin matakala, hawa biyar, safe da yamma.

Mijinta Abduljalil direba ne, yana jigilar ma'aikata a tashar jiragen ruwa. A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, kakansa ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Abin da ya fi tunawa na yarintarsa shi ne lokacin sanyi, sa'ad da tsohonsu yake loda su a bayan mota ya fitar da su barr, wato can bayan gari cikin rairayi, a kafa tanti a wuni ana gasa nama. Da watan Janairu ya kama, iskar Jidda ta yi laushi, sai abin ya motsa masa.

"Ummu Ruba, bana kam sai mun fita barr," ya ce wata ranar Alhamis suna shan shayi. "Yaran nan ba su san komai ba sai bango da talabijin."

"Ka manta da wadda ko ɗakin gwada kaya ba ta shiga?"

"Tanti ai yadi ne."

"A wurinka yadi ne," in ji Mastura.

Duk da haka ta yarda su je su duba. Wani babban kanti suka fara shiga kusa da gida, inda aka kakkafa tantuna a jere kamar ƙananan duwatsu. Mazen, mai shekara biyu da rabi, ya rarrafa ya shige wani shuɗi. Mai sayarwa, don ya nuna musu laushin zif ɗin, ya ja shi zuuu ya rufe yaron a ciki. Mazen dariya yake yi. Ruba kuwa ta ƙwalla ƙarar da ta juyo da kowa a kantin, ta faɗa kan tantin tana yaƙushinsa tana kiran sunan ƙaninta. Da ƙyar Abduljalil ya ɗauke ta. Haka suka koma gida.

Mastura ta ɗauka zancen ya mutu. Bayan mako guda sai ga Abduljalil ya dawo da labarin wani tsoho a unguwar Bani Malik, Bahaushen Sudan, wanda yake sayar da tantuna yake kuma ɗinke waɗanda suka yage.

"Sau ɗaya kawai," ya ce. "In ta ƙi, halas, ba zan sake tayar da maganar ba."

Bayan la'asar suka je. Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da mai sayar da gurasa, cike da ƙunshin yadi har rufi. Tsohon, Baba Salihu, yana zaune gaban keken ɗinki, gemunsa fari fat, tabarau a kan hanci. Ya amsa sallama da Larabci, da ya ji Abduljalil ya yi wa matarsa Hausa sai ya juya harshe, irin Hausar Sudan mai jan wasali.

Ruba ta toge a bakin ƙofa, ta riƙe ƙarfen rumfa da hannu biyu. Tsohon ya dube ta sau ɗaya ta saman tabarau, bai kira ta ba.

"Ku nawa ne? Ƙaramin shekararsa nawa? Bakin teku za ku ko cikin rairayi?" Ya yi ta tambaya, Abduljalil na amsawa. Sannan ya juya ga Mastura ya sassauta murya. "'Yata, waccan yarinyar fa? Me ya same ta?"

Mastura ba ta saba ba wa baƙo wannan labari ba. Amma yadda ya yi tambayar, kamar mai tambayar awon riga, ya sa ta faɗa masa duka, har da ledar cefanen.

Baba Salihu ya gyaɗa kai kawai. Ya tashi yana dafa ƙugu, ya nuna wani ƙunshi. "Wannan cikinsa duhu ne, an yi shi don masu son barcin rana. Ba naku ba ne." Ya wuce wani. "Wannan da kansa yake buɗewa in ka jefa shi, amma ko kai sai ka durƙusa za ka shiga. Mai yara ba ya sayen tantin da ba zai iya miƙewa tsaye a ciki ba, ranar da za ka canza wa yaro wando za ka tuna da ni." Daga can ƙasa ya sa Abduljalil ya jawo wani dogon buhu mai ruwan ƙasa-ƙasa. "Ɗauko mu je baya."

Bayan shagon akwai ɗan fili da ake ajiye motoci. Nan suka kafa shi, tsohon na ba da umarni, Abduljalil na haɗa sanduna yana gumi. Da ya miƙe sai ga shi kamar ɗan ɗaki, yadinsa mai haske, rana na ratsa shi. Ƙofa biyu gare shi, ɗaya gaba ɗaya baya, da tagogin raga a kowane gefe waɗanda suka sauko har daidai ƙirjin yaro. Baba Salihu ya nuna wa Mastura yadda aka ɗinke shimfiɗar ƙasan da jikin tantin, ba kafar da kunama za ta bi. Ya ce igiyoyin farare ne, zai sauya musu da masu ruwan lemo, don yaro mai gudu ba ya ganin farar igiya sai ya faɗi.

Sai ya naɗe ƙofofin biyu ya ɗaure su sama, ya shimfiɗa darduma a tsakiya, ya zauna abinsa da kofin shayi kamar ya manta da su.

Mazen ne ya fara. Ya shiga ta gaba da gudu ya fita ta baya, ya zagayo ya sake. A zagaye na uku Ruba, wadda ta biyo su daga nesa ta tsaya jikin wata mota, ta matso. Ta leƙa. Ta ƙofar gaba tana hango ƙofar baya, da bangon fili, da wata kyanwa a kan bangon. Mastura ta buɗe baki za ta ce mata ta gwada, Abduljalil ya taɓa hannunta, ta fasa.

Ruba ta runtse ido ta ratsa da gudu, ta fita ta baya. Ta tsaya tana haki. Ta sake, wannan karon ido buɗe. A karo na huɗu ba ta yi gudu ba.

"Ya binti, 'yata," in ji tsohon, bai ko dube ta ba, "bayana ciwo yake. Zif ɗin can ya yi mini nisa. Ko za ki ja mini shi kaɗan? Rana na dukan idona."

Ruba tana jin Hausa sarai, amma da Larabci ta fi amsawa. "Ni zan buɗe kuma?"

"Ke za ki rufe, ke za ki buɗe. Ni ban iya ba."

Ta saki ƙofar bayan, ta ja zif ɗin kamar taƙi ɗaya, ta mayar da sauri. Ta ja rabi, ta mayar. Ta ja har ƙasa, ta tsaya tana kallonsa, ɗaya ƙofar na buɗe a bayanta.

Kafin su tafi Baba Salihu ya ɗaura jan zare mai kauri a kan kowane zif ta ciki, yadda ƙaramin hannu zai kama ba wahala. Ya ce wa Abduljalil, "Karon farko kada ku kwana. Ku wuni, ku dawo da rana a sama. Kwana zai zo da kansa."

Ranar Asabar suka kama hanyar Usfan da sassafe. Suka sami wani kwari mai bishiyoyin ƙaya jefi-jefi, suka kafa tantin, ƙofofi biyu a naɗe. Yara suka yi ta tonon rairayi da cokali. Mastura ta ɗora shinkafa a kan ɗan murhun gas, Abduljalil na fama da gawayi yana ba su labarin yadda tsohonsa yake hura wuta da gefen rigarsa.

Bayan azahar iska ta juya. Da farko leda ta ɗauke, sannan ta fara watsa yashi a fuska, Mazen ya sa kuka yana murza ido. Abduljalil ya duba gabas ya ga jar ƙura na tahowa.

"Yalla, ku shiga ciki! Yanzu za ta wuce."

Mastura ta suri Mazen ta shiga, Abduljalil ya tsaya a waje yana tattara kaya. Yashi na bin su ta ƙofofin biyu, ba makawa sai an rufe. Ta juya ta ga Ruba tsaye a tsakiyar tantin, idanunta sun firfito, yadin na kaɗawa fat-fat a kansu.

"Habibti," ta ce a hankali, "in kina so mu koma mota, sai mu buɗe gilashi kaɗan."

Ruba ta girgiza kai. "Mama, kar ki taɓa. Ni ce mai rufewa."

Ta je ta ja jan zaren ƙofar da iska ke bugowa, har ƙasa. Ta dawo ta ɗayar, ta ja ta bar kamar faɗin tafin hannu. Yashi ya ci gaba da shigowa ta nan. Ta dube shi, ta dubi ƙaninta da ke kuka, ta ƙarasa rufewa. Ba ta saki zaren ba. Ta durƙusa a gaban tagar raga da shi a hannu, ta manna fuska.

"Baba yana bin tabarma," ta ce can. "Ta gudu. Ya faɗi! Mama, Baba ya faɗi!" Sai ta tuntsire da dariya, irin wadda Mastura ta daɗe ba ta ji ba, har da shaƙuwa. Mazen ya bar kuka ya rarrafo ya ga abin da ake gani.

Kamar minti ashirin iskar ta yi ta lafa. Ruba ta buɗe wa babanta, ya shigo gashinsa da girarsa duk sun yi fari da ƙura, ba tabarma. Ba a jima ba yaran biyu suka ɓingire a kan darduma, gajiya ta kwashe su.

Mastura ta fita ta zaga bayan mota, ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da gefen mayafi. Kukan ya zo mata ba sauti, kafaɗunta kawai ke motsi, kuma tana yi tana jin kamar ana sauke mata kaya ɗaya bayan ɗaya. Nan Abduljalil ya same ta. Ya zauna kusa da ita, ya miƙa mata gorar ruwa, suka shiga kallon wasu raƙuma uku da suka ɓullo daga bayan tudu.

"Alhamdu lillahi," ta ce daga baya, tana share ido.

"Alhamdu lillahi. Sai dai akwai labari mara daɗi," in ji shi. "Kin bar tukunya a buɗe. Shinkafar nan rabinta yashi ne."

Mastura ta yi dariya, muryarta a dishe.

"Zubo mini haka nan, Abu Ruba. Yunwa nake ji."