Wankin Inji da Masu Haya a Cikin Bonet

Tun da Tela ya karya ƙafa motarsa ke ajiye a gareji, ƙura ta rufe ta. Matarsa, wadda yake tsokana da suna 'Yar Makaniki, ita kaɗai ta san motar ta yi masu haya. Wata kyanwa ramammiya ta shiga ta ƙasa ta haihu cikin bonet, a lungun da ke gefen batir. Kullum in maigida ya yi barcin rana, sai ta lallaɓa da madara a murfin gwangwani. Yaranta duk sun girma sun watse, gidan ya yi mata shiru, kuma wallahi son halittun nan take kamar ta haɗiye su.

Matsalar ita ce Tela ya tsani kyanwa. Ya sha rantsuwa cewa duk wadda ya kama a gidansa, buhu zai sa ta ya kai bola.

Ranar da aka cire masa filasta ya fito yana ɗingishi, yana jan tiyo a bayansa.

"Yau zan wanke injin nan tas. Gobe ni da shago."

Ruwan tiyon nan ko babban mutum ya buga sai ya ja da baya, balle 'yan jariran da idonsu bai gama buɗewa ba.

"Haba, Baban yara! Ai ba a wanke inji da zafi. Sai ya huce."

Ya dube ta sheƙeƙe. "Motar da ta yi wata da watanni ba a tayar ba? Ya huce daga me?"

"To, ai na faɗa ne saboda gaba." Ta matsa ta jingina da bonet. "Ka cire kan batir? Ka rufe altaneta da akwatin fiyus da leda? Ruwa ya shiga wayoyin nan, sai dai a jawo ka da igiya. Babana ko kallon tiyo ba ya yi, burushi da tsumma kawai."

Wannan kam gaskiya ta faɗa, a garejin ubanta ta tashi. Amma irin ledar da ta ƙara lissafa masa da kalar burushin, mai laushi amma ba sosai ba, waɗannan ita ta ƙirƙiro su a tsaye, don ta san sai ya zagaya shaguna kafin ya samu. Tela ya yi tsaki ya ɗauki sandarsa ya fita, yana ƙunƙunin an aura masa gareji sukutum.

Yana rufe ƙofa ta ɗaga bonet. Uwar ta yi mata huci ta diro. Matar ta shiga kwasar 'ya'yan tana zubawa a kwandon wanki, ta lulluɓe su da zanen gado, ta tura kwandon bayan injin ɗinkin da ke baranda. Uwar ta bi kwandon. 'Yar Makaniki ta share gashi da tsumma, ta rufe bonet, ta koma ta zauna tana gyaran farce kamar ba ita ba.

Da ya dawo, sai ta zama malama. Ta sa shi ya kwance kan batir, ya ɗaure leda a nan, ya ɗaure a can, ya goge maiƙo da burushi da ruwan sabulu. Har tana yi masa gyara, "A hankali mana, ba wuyan riga kake ɗinkawa ba." Daɗi ya cika ta, ta yi wa maigida wayo kuma yana yi mata aiki.

"To, yanzu ɗauraya," in ji shi, ya sunkuya ya ɗauki tiyo. "Kaɗan zan buɗe, kar ki fara min wa'azi."

A lokacin ne ta ga uwar ta dawo. Ta tsaya a bakin gareji tana kallon ƙarƙashin motar, tana wani siririn kuka. Nan take 'Yar Makaniki ta gane. Uwa ba ta barin kwando ta dawo banza, akwai wadda ta rage.

Hannunsa na kan famfo.

"Kar ka buɗe!" Ta ture shi har sandarsa ta faɗi. "Akwai jaririyar kyanwa a ciki. Ni na ɓoye su, ni nake ba su madara. Ka yi min duk faɗan da za ka yi, amma don Allah kar ka buɗe ruwan nan."

Tela ya buɗe baki zai zazzaga masifa, sai wani ɗan kuka ya fito daga can ƙasa, bayan lagireto, ƙarami kamar ƙarar ƙofa. Ta zura hannu, bai kai ba. Ta sake zurawa har gwiwar hannunta ta kuje, hawaye ya zubo mata.

"Matsa," ya ce.

Mutumin da likita ya ce ya lallaɓa ƙafarsa, shi ne ya kwanta a ƙasan gareji da farar rigarsa, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin mota. Ta ji yana nishi, yana zagin wanda ya ƙera motar, yana zagin kyanwa da danginta kaf. Can sai ya fito fuska duk baƙin mai, da wata 'yar aba a tafin hannunsa tana rawar sanyi. Ta laluba ta kama ɗan yatsansa ta hau tsotsa.

Ya daɗe yana kallonta. Ya yi atishawa.

"Kawo ta in kai wa uwar," in ji matar a hankali, tana satar kallon buhun da ke rataye a ƙusa.

Ya janye hannunsa ya manna 'yar kyanwar a ƙirji.

"Waɗancan naki ne, ki san inda za ki kai su. Wannan a motata aka same ta." Ya harare ta. "Kin tsaya kina kallona. Ba ki ga yunwa take ji ba? Ina madarar da kike sace min?"