Bari In Sallami Wannan

Mai Labule ba ta taɓa barin mai saye ya fita daga shagonta hannu rabbana ba, kuma da wannan take alfahari. Ko tambayar hanya ka shigo yi, kafin ka fita sai ta tuna maka cewa tagar ɗakinka tsirara take. Tef ɗin awo a wuya, almakashi a hannu, baki kuwa sai ka ce an shafa masa zuma. 'Ya'yanta a gindin kantar shagon suka girma, kuma maganar da suka fi ji daga bakinta ita ce, "Bari in sallami wannan." Yaro ya faɗi ya fasa baki, bari in sallami wannan. An aiko daga makaranta ana neman uwa, bari in sallami wannan. Ba mugunta ba ce, wallahi. Ubansu ya rasu da wuri, labulen nan shi ya ciyar da su, shi ya tufatar da su. Sai dai abin ya riga ya shiga jininta.

Autarta aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa. Mijin, wanda kowa ke kira Dogo, yana da shagon yadin labule a can, kuma shi yake turo wa Mai Labule kaya tun kafin ya taɓa ganin Auta. Sau biyu Auta tana samun ciki yana zubewa, kuma duka biyun ta waya uwar ta ji kukanta. A na biyun Auta ba ta ce komai ba sai, "Mama, da kina nan." Maganar nan ta daɗe tana cin Mai Labule. Don haka da aka sanar da ita ciki na uku ya zauna, ta ɗaga hannu sama ta rantse: ranar da Auta za ta haihu, hannunta zai kasance cikin na 'yarta, ko shago zai ƙone.

Ta nemi bizar ziyara aka hana ta, wai ba su gamsu za ta koma gida ba. Ita da ko ciwon kai bai taɓa sa ta rufe shago ba! Dogo ne ya kawo shawara, ya ce ta nemi ta 'yan kasuwa, tunda ba ƙarya za ta yi ba, da gaske a can take saro kaya. Aka ba ta. Biza ce mai kyau: za ta iya shiga ta fita sau da yawa, kowane zuwa ta yi ɗan zama kaɗan ta koma. Suka tsara abin tsaf. Ta zo yanzu ta saro kaya ta duba jikin Auta, ta koma, sannan ta sake dawowa a watan haihuwa.

Tun a mota daga filin jirgi Dogo ya fara ja mata kunne, cikin ladabi irin na suruki, idonsa a kan hanya.

"Mama, bizar nan taku ta saye ce. Ku duba kaya, ku taya, ku saya, duk babu laifi. Amma ba ku da izinin aiki. Ko tsinke kada ku sayar wa kowa a nan."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ni da nake da shagona, aikin wa zan yi? Kai za ka ɗauke ni aiki, Dogo? Ba za ka iya biyana ba."

Auta da ke kujerar baya ta ce, "Mama, ba wasa yake ba. Mutanen nan ba sa jin a yi haƙuri."

"Na ji, na ji. Ke dai ki kula da abin da ke cikinki."

Kwanakin farko lafiya lau. Ta zaga masana'antu, ta shafa yadi, ta ɗaga shi ga haske, ta yamutsa fuska don a rage mata. Da yamma ta zauna ta matsa wa Auta ƙafafu da suka fara kumbura, tana mita wai yarinya ta rame. Auta kuwa sai shagwaɓa take, kamar tana karɓar bashin ƙuruciya. Mai Labule ta daɗe ba ta ji daɗi irin na kwanakin nan ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Tana shagon Dogo suna ware kalolin da za a ɗaure mata, sai Auta ta kira daga gida, muryarta na rawa, ta ce mararta na ɗaure mata. Dogo ya zabura ya ɗauki makullin mota. Mai Labule ta miƙe za ta bi shi, ya ce a'a, motar da za ta kwashi kayanta tana hanya, in ba a samu kowa ba sai wani makon. Ma'aikacinsa kuma ranar yana hutu.

"Ku zauna kawai, Mama. In direban ya zo ku nuna masa dilolin nan. In mai saye ya shigo, ku yi masa alama ya dawo anjima. Don Allah, Mama."

"Haba, sai ka ce yarinya! Tafi ka kai ta asibiti."

Ya fita a guje, ta zauna a kujerar roba a gefen kantar shagon, ta haɗe hannuwa a cinya. Zuciyarta na asibiti. Ta kira Auta ba a ɗauka ba, ta kira Dogo ba a ɗauka ba. Zama ya gagare ta, hannunta ya rasa abin riƙewa. Wani mutum ya shigo ya shafa wani shuɗin yadi, ta yi masa alama ya dawo anjima. Ta bi shi da ido har ya shiga shagon da ke kallon nasu, kuma ta gan shi ya fito da leda. Kai, abin ya yi mata ciwo! Wasu mata biyu suka shigo, su ma ta sallame su da hannu, ta dafe ƙirji tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Sai ga wata dattijuwa da guntun tsohon labule a hannu, tana neman irinsa. Ta duba nan ta duba can, ta juya za ta fita. Mai Labule kuwa tun shigowarta ta hango yadin, ga shi can a layi na sama, ya ɓuya a bayan wani bandir ruwan toka. Nuna mata kawai zan yi, ta ce a ranta, nunawa ai ba sayarwa ba ce. Ta miƙe ta jawo bandir ɗin ta warware shi a kan kantar shagon. Fuskar dattijuwar ta washe. To fa! Daga nan kuma ba ta san yadda aka yi ba. Tef ɗin Dogo ya hau wuyanta, almakashinsa ya shiga hannunta. Ba ta jin yaren matar, matar ba ta jin nata, amma ciniki ai ba ya buƙatar tafinta. Ta danna farashi a kalkuleta ta juya mata, matar ta danna nata, Mai Labule ta riƙe baki ta girgiza kai kamar an zage ta. Karon farko ke nan tun fitar Dogo da ta ji numfashinta ya daidaita.

Suna cikin haka wasu mutum biyu suka shigo, mace da namiji, cikin kayan gida. Suka tsaya kusa da ƙofa suna kallo. Ta ɗaga musu hannu da fara'a, ta ce da yarenta, "Bari in sallami wannan." Suka jira ta kuwa, babu gaggawa. A gabansu ta auna, ta yanka, ta ninke, ta sa a leda, ta karɓi kuɗi ta jefa a durowa. Sannan ta juyo gare su da wani yadi mai ruwan zuma a kafaɗa, don ta riga ta karance su: sabon aure ne, falo suke son gyarawa.

Namijin ya ciro kati daga aljihu ya nuna mata. Ba ta iya karanta rubutun ba, amma ta gane tambarin. Shi ne a kafaɗar waɗanda suka buga mata hatimi a filin jirgi. Jami'an shige da fice ne, sun fito zagayen duba takardun ma'aikatan shaguna. Almakashin ya suɓuce daga hannunta ya faɗi a kan kantar shagon.

A ofishinsu babu wanda ya ɗaga mata murya, kuma wannan ya fi komai tsorata ta. Ɗaki ne ƙarami mai fitila fara, da tebur, da waya a tsakiya wadda tafinta yake magana ta cikinta. Suka ba ta ruwa. Jami'ar ta tambaye ta ko ita ta yanka yadin.

"Ni ce. Amma shagon mijin 'yata ne, ko sisi ba a biya ni ba. 'Yata ce ba lafiya, ya kai ta asibiti."

Tafintan ya mayar, jami'ar ta amsa, ya dawo da amsar. "Ta ce ta fahimta, kuma tana yi wa 'yarki fatan sauƙi. Amma aiki aiki ne, ko an biya ko ba a biya ba."

"Ka gaya mata ciki gare ta. Biyu sun zube. Ka gaya mata na yi mata alkawari. Su ci ni tara, su kwashe kayan da na saya duka, na yafe. Su bar ni in dawo sau ɗaya kawai."

Matar da ta shafe rayuwarta tana ciniki, yau ta zo inda ba a tayi. Jami'ar ta saurara har ƙarshe, ta sunkuyar da kai, sannan ta buɗe fasfon ta buga hatimi a kan bizar. An soke ta. An ba ta 'yan kwanaki ta tattara ta bar ƙasar, kuma sai bayan wasu shekaru za ta iya sake nema.

Dogo ya zo ya ɗauke ta da la'asar, shi ma da tasa tarar a wuya. Ya ce mata jikin Auta da sauƙi, likita ya ce ba komai, ta dai huta. Wato da ta zauna a kujerar nan ta haɗe hannuwanta, da yanzu suna gida suna dariya. Washegari Dogo ya je wurin lauya, lauya ya ce ana iya ɗaukaka ƙara, amma kafin a saurare su jaririn ya fara tafiya.

Auta tana kwance a kan doguwar kujera lokacin da aka gaya mata. Ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallon silin, hannunta a kan cikinta.

"An ce miki kada ki taɓa, Mama."

"Tsohuwa ce, Auta, tana neman irin labulenta, ga shi kuma ina ganinsa…"

"Na sani," in ji Auta. "Kullum akwai wata."

Ta juya fuskarta ga bango. Mai Labule ta zauna a ƙasa ta kama ƙafafunta tana matsawa, Auta ba ta janye ba. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe uwar, ko hawaye suka ƙi fita.

Ta koma gida, kayan suka biyo ta a baya, kuma don tsiya suka karɓu fiye da kowane kaya da ta taɓa sarowa. Maƙwabtan shago suna ta yi mata barka, ita kuwa ko kallon yadin ba ta son yi. Kullum tana kiran Auta safe da yamma. Suna gaisawa, Auta ta ce jiki da sauƙi, ta tambayi yayyenta, shi ke nan. Shagwaɓar nan ta tafi.

Watan haihuwa ya kama. Wata ranar kasuwa da azahar wayarta ta yi ƙara, Dogo ne, ya ce naƙuda ta tashi tun safe, abin ya ɗan yi tsawo, likitoci suna shawarar yi mata aiki. Ya ce tana son jin muryarta kafin a shiga da ita. Mai Labule ta zauna a kan wata dila.

"Mama." Muryar ta yi ƙasa sosai, kamar ta lokacin da take ƙarama. "Mama, tsoro nake ji."

"Ga ni, Autata, ga ni. Ina tare da ke. Riƙe hannun mijinki, ki ɗauka nawa ne."

Daidai nan wata mata ta leƙo shagon da sallama, ta kama gefen wani yadi ta ɗaga murya. "Mai Labule, wannan nawa ne yadinsa?"

Mai Labule ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta kaɗa wa matar hannu da ƙarfi ta tafi, abin da ba ta taɓa yi wa mai saye ba a shagon nan. Amma hannu ba ya jiyuwa a waya, muryar matar ce kawai ta isa can.

Sannan Auta ta ja numfashi, ta ce a hankali, babu fushi ko kaɗan a muryarta, "Sallame ta, Mama. Zan jira. Ai na saba."

"Babu kowa, Auta! Wallahi na kore ta, ke nake saurare! Auta!"

Sai muryar Dogo ta ji, yana cewa sun zo sun tura gadon, a yi addu'a. Wayar ta mutu. Mai Labule ta cire tef ɗin daga wuyanta ta ajiye a ƙasa, ta ja ƙofar shago ta rufe da rana tsaka, ta zauna cikin duhun labulayenta da waya a tafin hannu, tana jira a sallame ta.