Rediyon Salamatu

Dutsen farko ya fasa tagar ofishin gidan rediyon, na biyu ya sami Robert, mai kula da na'urori, a goshi. Salamatu ta ja shi ɗakin watsa shiri ta danna sakata, ta warware ɗankwalinta ta ɗaure masa kai. A waje 'yan moto ne, wato 'yan acaɓa, cike da layi, suna jijjiga ƙofar ƙarfe, warin fetur har ciki.

Ba ta ga laifinsu ba. Da hantsi, a shirin kiran waya, wani da bai faɗi sunansa ba ya ce Gaston, ɗan moto na tashar Pitowa, shi ke kai wa zargina labari, wato 'yan fashin nan da ke tare hanya su sace mutane. Kafin azahar an sauke Gaston daga kan mashin ɗinsa a bakin kasuwa, aka yi ta dukansa da itacen rumfa har ya daina motsi. Yanzu kuma labari ya zo cewa taron da ya kashe shi ya doshi unguwarsu, inda matarsa Jacqueline ke kulle da 'ya'yanta.

Tun gidan yana ɗakin ajiyar taki Salamatu take cikinsa. Ƙungiyar manoman auduga ce ta kafa shi, ana faɗin lokacin shuka da sanarwar rasuwa. Da ƙungiyar ta ruguje Alhaji Ɗanmalam mai atamfa ya saya, ya cika shi da wa'azi da tallar shagonsa, amma ko shi bai taɓa yarda a ambaci sunan mutum ba sai mai maganar ya zo da ƙafarsa an ga idonsa. Magadansa suka sayar wa Édouard, wanda ma'aikata ke kira Patron, ɗan kwangila mai neman kujerar magajin gari, wanda ya ce Garuwa ta gaji da jin waye ya mutu. Kiɗa ya zuba, ya buɗe waya ga kowane mai baki, ita kuma ya bar ta da tallar sabulu. Sau uku ana sauya allon ƙofa, mutane dai rediyon Salamatu suke cewa.

"Kunna mini makirfo, Robert."

"Patron ya ce kada a ce uffan."

"Patron ɗin yana ina? Tun ɗazu ya haura katanga, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba."

Robert ya murɗa abin da zai murɗa da hannu mai jini. Ta zauna ta fara magana. Ba ta yi nisa ba ƙofar ta ɓalle. Na gabansu Mahmudu ne, shugaban 'yan moto, riƙe da ƙarfen taya. Ya rafka wa Robert a kafaɗa, wani ya yi wurgi da kujera, wani ya fara zazzaga fetur a kan darduma. Wani matashi ya shaƙo wuyan rigarta ya kwaɗa mata mari har leɓenta ya fashe. Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma haushi ya fi.

"Ku ƙona, ni ma na gaji da gidan," ta ce. "Amma ku bar ni in gama tukuna. Iyalin Gaston na can ana nema."

Mahmudu ya tsaya cak. Bai taɓa ganinta ba, amma muryar nan ita ta sanar da rasuwar mahaifinsa.

"Dada, ke ce?" Uwa ke nan da Fillanci. Ya ture matashin gefe. "Ku ja baya. Faɗi, Dada."

Ta faɗa da Hausa, ta maimaita da Fillanci, ta ƙara da Faransancinta na kasuwa. Ta ce wanda ya kira ba shi da suna, ba wanda ya ga fuskarsa, kuma gidan nan ya yi ƙarya a kan bawan Allah. Ta roƙi duk mai jin ta ya ajiye sandarsa ya koma gida. Wasu daga cikin mazan na share ido.

Da ta fito ƙofa sai ta ji rediyon mai shayi a tsallaken titi. Tasharsu ce, kiɗan rawa take zubawa.

Robert ya biyo ta yana dafe da kafaɗa, ya kasa kallonta. "Patron ne, Yaya. Daga wayarsa yake juya shiri zuwa na'urar kiɗa. Tun kafin ki zauna ya yanke mu."

Ta dubi yamma, wajen unguwar su Gaston. Hayaƙi bai tashi ba tukuna. Ta tofar da jinin bakinta, ta tattare zaninta ta haye bayan mashin ɗin Mahmudu.

"Dada, mutanen can ba su san ki ba. Kashe ki za su yi."

"Fuskata ce ba su sani ba," ta ce. "Ja mu tafi, ka bi ta bayan kasuwa, ya fi kusa."