Betonin Inna Dorcas

Tun ina yarinya na san Baba da ciwon kai. Idan ya taso masa, sai ya bar tumaki a kan tudu ya shigo gida yana dafa bango, ya zauna ya rufe ido. Sai Inna ta sauko da tulun busasshen ganyen wani tsiron magani da ake kira betoni ta dafa masa. Kafin tukunyar dankali ta nuna ya ware, har ya fara mitar an cika gishiri.

Inna ta rasu a ƙarshen kaka. Na zo jana'iza na koma garin mijina, ban sake waiwayar ƙauyen ba sai tsakiyar bazara, da Gwaggo Tabitha, ƙanwar Baba, ta aiko cewa in zo in ga abin da ya rage na ubana. Na tarar da shi ya rame, ya ɗaure kai da tsumma, tulun kuwa ko ƙura babu a ciki. Ƙwayar likita ya ce tana juya masa ciki, kuma ba ƙarya ya yi ba, na gani da idona.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ba a lambun bayan gida Inna ke shuka abin ba? Na naɗe hannun riga na fita. Nan fa ido ya raina fata. Ni busasshen ganye na sani, ban taɓa kula da shi yana tsaye a ƙasa ba, ga lambun ya zama daji, kowane tsiro ya yi kama da maƙwabcinsa.

"Baba, ta ina betonin yake?"

"Bar shi kawai, Hester."

"In bar shi ka mutu a kujera?"

Ya juya fuska bango. Haka yake tun fil azal, magana a wurinsa kamar cire haƙori.

Na nufi Gwaggo Tabitha. Ta ce furensa ja ne mai ratsin shuɗi, a kan dogon kara, bakin ganyen kamar zarto. Na samo mai wannan kama a gindin shinge, na tsinko cike da kwando ina murna. Da na jefa shi a ruwan zafi, wari ya cika gidan har kyanwa ta fice. Baba ya shinshina kofin ya ture.

"Kashe ni kika zo yi?"

Da na kai wa Gwaggo kwandon, ta yi dariya har da hawaye. "Ke dai an yi asarar kuɗin makaranta! Wannan ai ciyawar shinge ce, ko akuya ba ta ci. Naki yana kusa da rijiya."

Kusa da rijiya babu komai sai wani wuri da ƙasa ta lotsa, ciyawa ta rufe. Na koma na faɗa mata.

"To ko bayan kejin kaji ne?"

"Gwaggo, kin sani ko ba ki sani ba?"

"Yo ni na shuka? Ki bi ni a hankali, 'yar nan."

Bayan kejin ma babu. Na zaga gidajen ƙauyen, kowa ya ce tun da kantin magani ya zo ya daina wahala da shi. Kurmin da betoni ke fitowa da kansa a ciki kuwa an sare an yi gonar alkama. Na rasa gane kan abin. Tsiro ne da ba ya mutuwa, sanyi ya kwantar da shi, da bazara ya tashi, shekara da shekaru. Ɓarawo ne? Wa zai tsallake kaji ya saci ganye? Har na fara zargin kaina ko mafarkin tulun na yi.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, muka zagaya makabarta ni da Gwaggo. Tun daga nesa na hango kabarin Inna ya yi jajir da fure, ƙudan zuma na ta shawagi a kai. Gwaggo ta tsaya cak ta dafe ƙirji.

"Ikon Allah. Ga shi nan, Hester. Duk gaba ɗaya."

A wurinmu ana dasa betoni a kan kabari don mamaci ya yi barci lafiya, kuma abin da ya kama saiwa a can ba a tsinka. Amma ɗan ɓangare ake ɓantara daga gindin, a bar sauran a gida. Wannan kuwa an tono shi ne kaf aka kawo. Na kai hannu, na janye. Na sake kaiwa, Gwaggo ta buge min shi.

Sai ga Baba ya taho da butar ban ruwa, yana tafiya a hankali don kada kan ya girgiza. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Kai ka tone shi? Kana kallo ina rarrafe a lambu kamar mahaukaciya?"

"Na ce ki bari."

"Duka, Baba? Ko saiwa ɗaya ba ka rage wa kanka ba? To ka yarda in ɗebi ganye kaɗan, Inna ba za ta hana ka ba."

"Na sani. Ba ta taɓa hana ni ba." Ya durƙusa yana cire ciyawa daga gindin furen. "A ciwonta na ƙarshe ta faɗa min ita ma da ciwon kan take kwana, tun kafin a haife ki. Ba ta taɓa kurɓar ko kofi ɗaya ba, wai kada tulun ya ƙare kafin sanyi ya wuce. Ni kuwa ina sha ina mitar gishiri."

Ni ban san ko in rungume shi ko in rufe shi da faɗa ba. Na ga jijiyar goshinsa tana harbawa, ga maganin a tafin hannunsa.

"Kai kuma fa, Baba?"

"Na sha rabona. Yanzu nata ne."

Ya miƙo min butar ya ce in ɗebo ruwa, rana ta yi wa furen yawa.