Tsutsa a Masarar Maiwada

Tun kafin su gama gaisawa Maiwada ya dire ganyen masara a kan teburin Malam Mu'awiyya, malamin aikin gona na makarantar garin, ganyen duk huji kamar rariya. Sau biyu yana feshi a gonarsa ta Likoro, tsutsa ko gezau. In aka ƙara mako guda a haka, masarar bana sai dai a yi masa jaje.

Amma ƙarar 'yarsa ya kawo makarantar, Naja'atu 'yar ajin ƙarshe. Wai ita za ta koya masa feshi, daga cikin waya! Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Malam ya san wayar nan sarai. Shi ne da yarinyar ta ishe shi da tambaya ya ce ta riƙa neman amsa a wuri uku kafin ta zo masa. Sai ta mai da tsohuwar wayar uwarta makaranta guda. Akwai bidiyoyin da take saukewa in sabis ya yi kyau, da zauren yanar gizo na ɗaliban aikin gona na Zariya inda take tura hotuna, ga littafin da take rubuta wanda ya faɗi daidai da wanda ya yi shaci-faɗi. Yanzu sai ta yi wata ba ta tambaye shi komai ba, kuma gaskiya abin yana ɗan sosa masa rai.

Amsar matsalar tsutsar tana bakinsa, da ya faɗa Maiwada zai karɓa hannu bibbiyu. Ya haɗiye abarsa, ya aika a kira Naja'atu.

Ta durƙusa, ta ce da rana tsutsar ɓuya take can cikin zuciyar masara, feshin tsakar rana a kan ganye asarar magani ne. A bari sai yamma ko sassafe, a saita bakin famfon feshin cikin zuciyar. Ta nuna hotuna, ta faɗi inda ta samo kowanne.

Maiwada ko kallonta bai yi ba. "Malam, kai me ka ce?"

"Ni ma tawa masarar haka take, Malam Maiwada. Yadda ta faɗa ɗin nan zan yi bayan la'asar."

Maiwada ya daɗe yana jujjuya ganyen. Sannan ya miƙe, ya gyara hula, ya yi magana yana duban ƙofa.

"In an tashi ki same ni a gona. Ki taho da wayar."