Gadajen da suka ƙi fitowa a waya

Manajar otal ɗin ta ce minti goma gare ta, ko zama ba ta yi ba. Gadaje arba'in take nema. Shagon tsohon kafintan ne na uku da ta shiga yau, kuma ba ya da komai a ƙasa sai gado ɗaya da bai sha fenti ba. Sauran aikinsa na shekara talatin yana cikin hotuna, a shafin intanet ɗin da babbar 'yarsa ta gina masa.

"Buɗe a wayarki, ranki ya daɗe," ya ce yana washe baki.

Ta buɗe, ta juyo masa da wayar. Fari fat. Rubutu ya zube gefe guda kamar tarkacen katako, inda hotuna ya kamata su fito sai 'yan akwatuna wayam.

Jiya da idonsa ya ga gadajen nan reras a shafin.

"Ke! Ina kayana?"

'Yar tana bayan teburin yanka da kwamfutarta a cinya. "Baba, ga su nan, a wajena lafiya lau suke."

"A wajenki za a kwanta?"

'Yar ta karɓi wayar, ta duba, ta koma kan kwamfutar. Sai ya ga ta dafe kai.

"Na gane," ta ce ƙasa-ƙasa. "Shafuka bakwai ne, duk daga folda ɗaya suke ɗaukar hotuna da fayil ɗin da ke tsara musu launi. Na ɗora foldar a intanet, amma hanyar da na rubuta musu ta cikin kwamfutata ce. Wayarta tana neman hotunan a inda ba za ta iya shiga ba."

"Wato kin aiki mutum ɗakinki, kin kulle, kin tafi da makulli."

"Ka ba ni minti biyar in gyara hanyar."

Manajar ta riga ta rataya jaka. Kafinta bai san folda ba, amma ya san mai saye idan ƙafarsa ta fuskanci ƙofa. Ya tuɓe takalmi, ya haye gadon nan, ya yi tsalle ya dira da duk nauyinsa. Gwiwarsa ta amsa, gadon ko ƙis.

"Malam, za ka karye!"

"Ni dai, ba gadon ba. Baƙinki masu ƙiba ne? A kawo uku."

Ya sauko yana ɗingishi, ya kifa gadon, ya shiga nuna mata yadda ya haɗa ƙafafun ba ƙusa ko ɗaya. Bakinsa na zuba, kunnensa na kan ƙarar maɓallan kwamfutar 'yarsa. Ya ƙare bayani, ya sake farowa daga farko.

"Wannan ka faɗa ɗazu," in ji manajar, tana duba agogo.

"Sake buɗewa, ranki ya daɗe," 'yar ta ce.

Shafin ya tsaya yana juyi. Kafinta ya leƙa wayar. Launin ruwan ƙasa ya fara sauka, sai gado na farko, sai na biyu. Manajar ta yi ta ja da yatsa, ta tsaya a kan wani mai allon kai zagayayye.

"Irin wannan. Arba'in, cikin wata biyu. Za ka iya?"

Ya ce zai iya. Sai da motarta ta tashi ya lallaɓa ya zauna, ya ce a miƙo masa man zafi.